Gaskit ɗin murfin bawul yana yoyon baƙin mai: tambayoyi da amsoshi ga masu tsofaffin motoci

Tambayoyin nan na tattaro su ne daga bakin mutanen da ke kawo mana mota gareji a nan Birnin Kebbi, da direbobin haya masu bin hanyar Jega da Argungu da Kamba, da yaran da ke koyon aiki a hannunmu. Da wuya mako ya wuce wani bai ɗaga bonet ya nuna mini saman inji jiƙe da baƙin mai ba, ƙura ta manne a kai ta zama kamar kwalta, ya ce, "Maigida, mi yas sami injin ga?" Galibi abin da ya same shi ƙarami ne, gyaransa kuma ba ya cin kuɗi. Abin da ke mayar da shi babba shi ne hannu mai nauyi da gam mai yawa, kuma saboda su na zauna na rubuta wannan.

Mene ne gaskit ɗin murfin bawul, kuma a ina yake?

Idan ka buɗe bonet, abin da idonka zai fara sauka a kai a saman inji shi ne murfin bawul, wanda ke ɗauke da marfin da ake zuba baƙin mai. A ƙarƙashinsa bawul-bawul suke, da kamshaf ko tafet da ke danna su su buɗe, kuma muddin inji na aiki mai na fantsama a wurin ta ko'ina. Gaskit ɗin shi ne zoben da ke zagaye bakin murfin, tsakaninsa da tof silinda, wato kan injin da murfin ke zaune a kai, don kada man ya tsiyayo waje. A motocin da suka fi tsufa ana yin sa da kok, wato ɓawon wata bishiya da aka niƙa aka matse, a na baya-bayan nan kuma da roba ake yin sa, yana zama cikin wani kwari da aka yanka a jikin murfin.

Babu wuta a bayansa, babu ruwa, man da ke wurin ma ba mai matsi ba ne. Fantsama kawai yake tarewa. Ka riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa ba ya buƙatar ɗauri mai tsanani.

Shi ne wanda makanikai ke kira tof gaskit?

A'a, kuma a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Tof gaskit yana ƙasa, tsakanin tof silinda da gangar jikin inji. Shi yake tare wutar da ke tashi a kan fistin, ya raba ruwa da mai. Kafin a kai gare shi sai an zubar da ruwan lagireto, an kwance bel ko sarƙar tayimin, an ɗaga tof silinda gaba ɗaya, wani lokaci har an kai shi wurin injiniya a goge fuskarsa. Aikin yini ne ko fiye. Na murfin bawul kuwa yana sama, notuna kaɗan ke riƙe da shi, a injin fulogi huɗu aikin sa'a ɗaya ne zuwa biyu. Da yake duka biyun "na sama" ake ce musu, mai mota na iya jin an ce gaskit ya tafi, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya amince da aikin da motarsa ba ta nema ba.

Alamominsu ba su kama da juna. Idan tof gaskit ya ƙone, mota na yin zafi, ruwa na raguwa a lagireto ba ka ga inda yake zuba ba, za ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto idan inji na aiki, farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa, ko man da ke jikin geji ya koma kalar shayi da madara. Idan na murfin bawul ne, ruwanka na nan yadda ka bar shi, allurar zafi na tsaye a wurinta, sai dai mai a jikin inji ta waje da warin ƙonewa idan ka tsaya. Hayaƙin ma daga ƙarƙashin bonet yake tasowa, ba daga bututun baya ba.

Akwai wani direban Golf da ya zo mana daga wajen Jega, an riga an yi masa lissafin ɗaga tof silinda a wani wuri, har yana shirin sayar da buhunan shinkafa ya haɗa kuɗin. Da muka duba, ruwansa cike, mansa baƙi tsaf babu alamar madara. Gaskit ɗin murfi ne ya bushe ya tsage ta baya. Kafin la'asar ya koma tasha. Don haka duk wanda ya ce maka tof gaskit ne, ka ce ya nuna maka alama ko da guda ɗaya daga cikin waɗanda na lissafa. Makanike na gari ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Ta yaya zan tabbatar daga murfin man yake fita?

Mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma baya take tura shi. Saboda haka inda ka ga yana ɗiga ba nan ne mafarinsa ba. A wanke injin tas, a bar shi ya bushe, ka yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu, sannan ka ɗauki tocila ka nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Idan jiƙar ta fara daidai kan layin da murfi ya haɗu da tof silinda, sama da layin kuma a bushe, to ka kama ɓarawon. Wasu na barbaɗa farar hoda a wurin bayan wanki, sai sawun man ya fito ɓaro-ɓaro. Kada ka manta da bayan inji, ɓangaren da ke fuskantar direba, a nan ya fi ɓuya, sai da ɗan madubi ko ka shafa da yatsa bayan inji ya huce.

Akwai maƙwabta da ake ɗora wa gaskit laifinsu. Robar marfin zuba mai idan ta taurare tana jiƙa saman murfin duka. A tsofaffin Honda da Toyota masu distiributa, zoben robar da ke gindinta na yoyo a gefe. Sil ɗin kamshaf na zubar da mai ta gaba, cikin murfin bel. A Corolla mai injin 1ZZ, irin ta 2003 zuwa 2008, zoben abin da ke ɗame sarƙar tayimin ya yi suna wajen yoyo ta baya, kusa da kusurwar murfin, mutane da yawa sun canja gaskit sau biyu kafin su gano shi.

Me ke lalata shi?

Zafi da shekaru. Roba tana zama a kan ƙarfe mai zafi, ta huce da dare, gobe ta sake yin zafi, a hankali laushinta ya tafi. Gaskit ɗin da muke cirewa daga motar da ta shekara ashirin yakan karye a hannu kamar busasshen kara. Yawancin motocinmu sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su iso mu, sannan su tarar da zafin Afrilu da Mayu na Kabi, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, ga lodi, ga doguwar hanya zuwa Yawuri ko Kontagora. Motar da ta taɓa yin zafi har ta tafasa ruwa ko sau ɗaya, gaskit ɗinta na iya tsufa a ranar. Sai kuma toshewar numfashin inji, wadda zan yi bayaninta a gaba, a tambayar sabon gaskit da ya sake yoyo.

Zan iya ci gaba da hawa motar a haka?

Ya danganta da yawan yoyon da inda yake sauka. Idan gumi ne kawai, ɗan danshi da ƙura ke mannewa, kuma geji bai nuna mai na raguwa ba, kana iya jira zuwa ranar juyen mai a haɗa aikin. Amma ka riƙa zaro geji kowace safiya kafin ka tayar.

Wurare uku ne ba na yarda a yi musu jinkiri. Na farko idan man na sauka a kan bututun hayaƙin da ke manne da inji, domin wurin na yin zafin da ke ƙona mai, kuma gobarar mota ba ta sallama. Na biyu idan yana shiga wurin bel ɗin tayimin. Mai na cin robar bel, bel ɗin na iya tsallake haƙori ko ya tsinke, a wasu injuna kuma fistin ya daki bawul. Na uku idan yana ɗiga a kan altaneta ko ya cika ramin fulogi. Wanda kuma ke ƙara lita guda duk bayan 'yan kwanaki, ya lissafa kuɗin man da ya zubar a hanya cikin wata biyu, zai ga ya sayi gaskit ɗin har da kuɗin aiki.

Na zaro kwayil na tarar da mai a ramin fulogi. Ringi ne ya tafi?

Ba lallai ba, kuma galibi ba shi ba ne. A injunan da fulogi ke shiga ta tsakiyar murfi, kowane rami na da nasa zoben roba da ke hana mai gangarawa ciki. Idan zoben ya bushe, mai na taruwa a kewaye da farin jikin fulogin, ya jiƙa robar kwayil ko ta waya har ta kumbura, wuta ta riƙa ɓacewa, mota ta riƙa kakkarwa musamman a kan tudu. Bambancin a nan yake: man da ke saman fulogi, ta waje, daga murfi ya zo. Man da ke kan bakinsa na ƙasa, inda wuta ke tashi, tare da shuɗin hayaƙi ta salansa, shi ne ke nuna ringi ko sil ɗin bawul.

Kafin a kwance fulogi a tsane man da ke ramin da tsumma a kan sukuddireba, don kada ya kwarara cikin silinda tare da yashin da ya tara. Kuma zoben nan dole a canja su tare da babban gaskit. A wasu injuna haɗe suke zuwa, a wasu daban ake sayarwa, ka tambaya tun a shago.

Ba zan iya ƙara ɗaure notunan kawai ba?

Idan gaskit na kok ne, kuma ka tarar notunan sun saki da gaske har suna juyawa da yatsa, ɗan ɗauri kaɗan na iya tsayar da yoyon na wani lokaci. Idan na roba ne, kusan ɓata lokaci ne. Yawancin waɗannan murafe an yi kusoshinsu da kafaɗa, suna kaiwa wani wuri su tsaya, duk ƙarfin da ka ƙara bayan nan ba ya isa ga gaskit, a haƙoran kusar yake ƙarewa. Robar da ta taurare kuma matsi ba ya dawo mata da laushi. Duba tambayar ƙarfin ɗauri ka ga abin da ke biyo baya.

Wane iri zan saya? Na Beljiyam zai yi?

Abubuwa da yawa na Beljiyam sun fi sababbin da ke kasuwa, ni ma ina sa wa motata, amma ban da gaskit. Wanda aka ciro daga wani inji ya riga ya ɗauki siffar wancan murfin, ya sha nasa zafin. Idan ka sayi murfi na Beljiyam da gaskit a jikinsa, ka cire ka sa sabo.

Ka je shago da lambar inji, ba sunan mota kaɗai ba. Camry guda na iya zuwa da 5S ko 2AZ ko V6, kowanne da nasa. Mafi sauƙi ka tafi da tsohon ko da murfin kansa a gwada. Ka lanƙwasa sabon a hannu: ya kasance da laushi, ya koma yadda yake da ka sake shi, babu tsaga, babu tarkacen roba a gefuna. Wanda ya daɗe rataye a ƙusa rana na dukansa ya fara tsufa tun bai ga inji ba. Idan babu mai kyau a gari, jira na kwana biyu a kawo daga Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano ya fi a buɗe inji sau biyu. Ka haɗa da ƙananan robobin da ke ƙarƙashin kan kusoshi idan injinka na da su. Mutane na raina su, alhali su ne ke danna murfin, idan sun mutu sabon gaskit ba zai sami matsin da yake so ba.

Zan iya yin aikin da kaina?

A injin fulogi huɗu da murfinsa ke fili, mai haƙuri zai iya. Kana buƙatar soket mai lamba 10 ga yawancin motocin Japan, ƙaramin hannun soket, filaya, tsummoki masu tsabta, abin kankara na roba ko katako, da ɗan fetur na goge fuskar ƙarfen. Ka bar inji ya huce sarai, ka cire kan batir na nagetif. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, wayoyin fulogi kuma ka sa musu lamba, domin idan suka sauya wuri mota ba za ta tashi daidai ba. Kafin ka ɗaga murfi ka share yashin da ke kewaye da shi. Idan ya ƙi tasowa ka bubbuga gefensa da tafin hannu ko gudumar roba. Kada ka cusa sukuddireba tsakaninsa da tof silinda, alminiyam ne, ƙarzanen da ka yi masa zai zama hanyar mai har abada.

Da murfi ya tashi ka rufe cikin injin da tsumma mai tsabta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Garejinmu a kan rairayi suke, a lokacin hunturu kuma iska guda ta isa ta watsa ƙura a kan kamshaf. Na fi son a yi irin wannan aiki da sassafe kafin iska ta tashi, ko a cikin rumfa. Murfin ma kada a ajiye shi a ƙasa, a ɗora shi kan kwali.

Sauran aikin tsabta ce. A cire tsohon gaskit har ƙarshensa, a kankare tsohon gam, a goge kwarin murfi da fuskar tof silinda har yatsa ya bi bai ji komai ba, su bushe ƙarau babu maiƙo. A zaunar da sabon cikin kwarinsa ba tare da an ja shi ba, a kifa murfin a miƙe, a leƙa ta baya a tabbatar bai zame ba. Rabin lokacin aikin a gogewa yake tafiya, kuma yaron da ya gaji da gogewa shi ne wanda motarsa ke dawowa.

Gam fa? Makanikena yana shafa shi a ko'ina.

Wannan al'ada ita ta fi damuna a sana'armu. Gaskit ɗin roba an yi shi ne ya zauna a busasshiyar fuska. Idan aka shafe shi da gam sama da ƙasa, santsi yake yi, ya zame daga kwarinsa lokacin ɗauri. Wanda ya fi wannan muni shi ne gam ɗin da ya matso. Duk abin da ka gani ya bulbulo ta waje, kwatankwacinsa ya bulbulo ta ciki. Zai bushe, ya yanke kamar taliya, mai ya kwashe shi zuwa ƙasa, ya je ya manne a rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Na taɓa sauke kaskon man wata mota da injinta ya buga, na tarar rariyar ta toshe da jan gam, har da zaren da ya kai tsawon yatsa. Mai motar bai taɓa barin mai ya ƙare masa ba. Gam ɗin da aka sa don a tsare masa 'yan cokulan mai shi ya ci injin.

Gam na da wurinsa, amma ɗigo ne kamar ƙwayar wake. Ana sa shi a kusurwoyin da gaskit ke hawa ya sauka a kan tudun kamshaf, da inda murfin sarƙar tayimin ya haɗu da tof silinda ya bar ɗan layi, da kewayen robar nan mai siffar rabin wata a injunan da ke da ita. A 1ZZ da 2AZ wurare biyu ne kacal, a gaba. Ka sayi gam na inji wanda aka rubuta ba ya cutar da sensar hayaƙi. Irin na gilashin taga mai warin tsami ba na nan ba ne. Da ka ɗiga shi ka rufe cikin 'yan mintuna kafin ya yi fata, sannan a ba shi sa'a ɗaya zuwa biyu kafin a tayar da inji, ko yadda aka rubuta a jikinsa.

Yaya ƙarfin ɗaurin ya kamata ya kasance?

Kaɗan ƙwarai. Ƙananan kusoshin da soket 10 ke kamawa yawanci wajen Nm 10 suke so (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), notin taya kuwa wajen 100 ne ko sama. Wato kashi ɗaya cikin goma. Wanda ke da sifana mai auna ɗauri ya duba adadin injinsa ya bi. Wanda ba shi da ita ya riƙe hannun soket kusa da kansa, ya ɗaura da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. A fara sa duka kusoshin da yatsa, sannan a bi su daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa wannan ɓari da wancan, zagaye biyu ko uku, kowane zagaye a ƙara kaɗan. Idan ka ƙulle kusurwa guda tun farko, murfin zai ɗaga ta ɗaya gefen.

Wuce iyaka na jawo ɗaya daga cikin uku: kusa ta karye a ciki, haƙoran alminiyam su biyo ta waje, ko murfin ya lanƙwashe ko ya tsage. Kowannensu ya fi yoyon da ka zo gyarawa wahala. Camry mai injin 5S daban take, manyan notuna huɗu masu lamba 30 ne ke riƙe murfinta a kewayen ramukan fulogi, ɗaurinsu ya fi na ƙananan, amma su ma bi da bi ake yi musu.

An sa sabo, bayan mako biyu ya sake yoyo. Jabu aka sayar mini?

Yana yiwuwa, amma ka duba abu biyu kafin ka koma shago da faɗa. Na farko numfashin inji. Kowane inji na sakin ɗan hayaƙi ta gefen ringi zuwa cikin kaskon mai, kuma an yi masa hanyar fita ta wani ɗan bawul da ake kira PCV, ko tiyo kawai a tsofaffi, daga murfi zuwa wurin shan iska. Idan hanyar ta toshe da dauɗa, ko wani ya toshe tiyon da ƙusa don ya ga yana kawo mai, iskar za ta nemi mafita ta wuri mafi rauni, ta turo mai ta gaskit da sil-sil. Ka zare bawul ɗin ka girgiza, mai lafiya yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, idan inji na aiki kuma za ka ji yana zuƙar yatsa. Araha ne da shi, a canja shi tare da gaskit. Idan kuma ka buɗe marfin mai inji na aiki ka ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi kamar tukunya, to ringi sun gaji, kuma babu gaskit ɗin da zai daɗe a kan wannan injin sai an yi masa babban aiki.

Na biyu murfin kansa. Na ƙarfen faranti, irin na tsofaffin Golf, shekarun ɗauri na lotsa bakinsa a kewayen ramukan kusoshi, sai ya riƙa taɓa gaskit a nan kaɗai ya bar tsakani. Ka kifa shi a kan gilashi ko ka ɗora ruler ta ƙarfe ka hango haske. Ana gyara shi da ƙaramar guduma a kan katako mai faɗi, a hankali. Na roba mai tauri idan ya karkace ko ya tsage, sai dai a sauya. Idan duka biyun lafiya, ka koma tambayar gano mafarin yoyo, wataƙila tun farko ba shi ne mai laifin ba.

Da muka buɗe mun tarar da baƙar laka a ciki. Mu wanke da fetur?

Murfin da ke hannunka ka wanke shi da kananzir ko fetur yadda kake so, har da ramin numfashinsa, ka bar shi ya bushe. Cikin injin kuwa a bi shi da hankali. Laka na nuna an daɗe ba a juye mai ba, ko ana zuba man galan na bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba. Idan aka kankare ta aka kora da fetur, gutsattsarinta za su bi ramukan da mai ke komawa ƙasa su je su toshe rariyar da na ambata a tambayar gam. Abin da hannu ya kai gare shi a ɗebe shi waje da cokali da tsumma, bayan an toshe ramukan, a kuma ƙirga tsummokin da aka sa don kada a manta da ɗaya. Daga nan a juye mai da filta a ranar, a sake juyewa da wuri sau biyu ko uku. Idan lakar ta yi yawa har ta rufe kamshaf, gara a sauke kaskon mai a wanke rariyar.

Me ya sa aka ce mini na Sienna ya fi tsada?

Injin V6 murfi biyu gare shi. Na gaba yana fili, na baya kuwa a Sienna da Camry V6 yana ƙarƙashin babban bututun shan iska, sai an ɗauke shi kafin a gan shi. Aikin kan ci rabin yini, kuma bututun na da nasa gaskit da ya kamata a sabunta, in ba haka ba inji zai riƙa shan iskar sata yana hawa da sauka. Tunda an riga an buɗe, a canja fulogi uku na baya a lokacin. Kuma na baya ne ya fi yoyo a kan bututun hayaƙi, don haka kada ka yarda a canja na gaba kaɗai a ce an gama.

Masu 504 da 505 masu tafet na saiti, ku ma ku ci moriyar buɗewar: a saita tafet da ma'aunin ganye, wato siraran ƙarafan nan da ake auna rata da su, inji na sanyi, kafin a mayar da murfi.

Injin ban ruwa da janareto ma suna da shi?

Suna da shi. Ɗan murfin nan mai kusoshi huɗu da aka buga wa OHV a jikin injin famfo, shi ne murfin bawul, gaskit ɗinsa bai fi tafin hannu ba. Manoman shinkafar rani a fadamun Argungu da Augie da Suru na kawo su da yawa idan aiki ya kankama, inji na kwana yana aiki cikin zafi. Kafin ka zargi gaskit ka duba ko mai ya wuce ƙa'ida, ko an girke injin a karkace a bakin rijiya, domin duka biyun na tura mai sama ya fito ta tiyon numfashi zuwa gidan filtar iska. Kusoshinsa ƙanana ne, abin da na faɗa a kan ƙarfin ɗauri ya fi shafar su.

An gama aiki amma har yanzu ina jin warin ƙonewa. An yi kuskure ne?

Tsohon man da ya jiƙa bututun hayaƙi da lungunan inji na iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu yana ƙonewa, shi ya sa nake so a goge ko a wanke wurin bayan an rufe. Ka tayar da inji ka bar shi ya yi zafi a tsaye, ka bi layin murfin da tocila, musamman kusurwoyi da baya. Ka saurara ko akwai fito ko kakkarwa, alamar an manta da wani tiyo ko kan kwayil bai shiga ba. Ka duba geji, ka sake duba layin bayan tafiyar farko mai nisa. Idan gaskit na kok ne, bayan kwana biyu ko uku a sake taɓa notunan kaɗan inji na sanyi, domin kok na kwantawa bayan ya sha zafi. Na roba ba ya buƙatar haka. Idan kwana uku sun wuce warin na nan, ko ka ga sabon danshi mai sheƙi a kan layin, ka mayar da motar wurin wanda ya yi aikin tun ƙura ba ta rufe sawun ba.